Abin da Ban Sa a Jakar Yayanku Ba

Kabiru, da ku ƙannensa mata, na riga na ba ku labarin Farin Dutse inda aka haife ni, na ba ku na aurena da Babanku da zamanmu a Gwaram, har da yadda na shiga makarantar matan aure da furfurata na koyi riƙe biro. Waɗannan ban sha wahalar rubuta su ba. Wannan kuwa sau huɗu ina ɗaukar biron ina ajiyewa. Shekara goma sha biyu ke nan kuna cewa sakacin Sa'ade ne ya kashe mijinta, Yayanku. Kun faɗa a gabana, kun faɗa a gaban 'ya'yanta, ni kuma ina zaune ina jan carbi kamar ba da ni ake ba. To ba ita ba ce, ni ce. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya zo yana ce mini tsufa ya fara taɓa ni. Hankalina garau yake, har gobe ba wanda ya isa ya cuce ni a awon gyaɗa.

Kun san ni da baki. Mai kayan miya ya san ni, masu kawo mini gyaɗa sun san ni, Babanku ma, Allah ya jiƙansa, ya sha cewa da ana sayar da magana da tuni na gina masa bene. Amma wannan bakin da ba ya raga wa kowa, akwai mutum ɗaya da bai taɓa iya buɗuwa a kansa ba, shi ne Yayanku. Ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu kuna goya ɗan fari ku shiga da shi gaban surukai, kuna kiran sunansa kuna yi masa wasa, ko a jikinku. Mu ba haka muka tashi ba. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana kallona ba, ko kuka yake yi, in akwai mutane sai dai wata ta ɗauke shi. Da aka yaye shi, kakarsa Goggo, uwar Babanku, ta tafi da shi Yalwan Damai, can ya girma. In ya zo ganin gida sai in ce, "Ku ba wa yaron nan tuwo," ina kallon bango, alhali tsokar da ta fi kowace girma na riga na tura ta ƙarƙashin tuwon nasa. Mata suna yabona, suna cewa wance akwai kara, ni kuwa ina jin daɗin yabon har cikin raina. Ku riƙe wannan, don yana cikin laifin.

Akwai kuma abin da na daɗe ina ɓoyewa game da gidanmu. Ina da ƙane, Isa, ba ku san shi ba. Yana saurayi lauje ya yanke shi a ƙwauri wurin yankan shinkafa, irin yankan da wani zai ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Kwana biyu jini yana zuba. An sa toka, an sa bagaruwa, an yi tofi, a rana ta uku aka kai shi makwancinsa. Bayan an share makoki mahaifiyarmu ta kira ni ɗaki ta ce:

"Jinin mazan gidanmu ba ya jin magana. Wana ma da haka ya tafi, ƙaho kawai aka yi masa. Ki riƙe a cikinki. Kada ki faɗa a gidan miji, a ce kin kawo musu mugun iri."

Na riƙe. Da Yayanku ya kai shekara bakwai aka yi masa kaciya a Yalwan Damai, sai aka aiko in je da gaggawa. Na tarar da shi kwance ya yi fari fat, leɓɓansa sun bushe, wanzami ya rasa ta cewa. Kwana uku ina wanke tsummokara a bayan ɗaki ina shanyawa. Ban shiga na zauna kusa da shi ba, ta jikin asabari nake leƙensa. Allah ya sa da sauran kwanansa, jinin ya tsaya. Goggo ta ce baki ne ya kama shi, kada a ƙara tada maganar, ba a kuwa ƙara ba. Shi yaro ne, ya manta. Goggo ta rasu, wanzamin ya rasu, Babanku ya rasu, ya zamana duk duniya ni kaɗai na san abin da ke cikin jikinsa. Kai Kabiru Allah ya tsallakar da kai, taka kaciyar lafiya lau aka yi ta, sai na ɗauka abin ya bar mu.

A shekarar da nake ba ku labari Yayanku yana jan bas tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Shi ke riƙe da gidan nan tun rasuwar Babanku. Yana ɓangarensa da Sa'ade da 'ya'yansu uku, Ummi ce babba, shekararta takwas. Ɗaga buhunan riɗi da shinkafa kan mota ya jawo masa ƙaba. Ba shi ya gaya mini ba, ta ina zai fara? A tafiyarsa na gani, da yadda yake dafe mara in zai miƙe daga tabarma. Da kaka, bayan an cire gyaɗa, ya je wani asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce ƙaramin aiki ne, a yi da safe, ya kwana ɗaya, washegari ya dawo gida. Ba zan kama sunan asibitin ba. Ba su da laifi, kuma zagin da kuka yi musu ya isa.

Ana gobe za su tafi, da la'asar sakaliya, muna tsakar gida ni da maƙwabciyarmu Hajiya Talatu muna ɓarar gyaɗa, sai ga Sa'ade da baƙar jakar tafiyarsa a hannu ɗaya, takarda a ɗaya. Malamar asibiti ce ta rubuta musu abin da za su zo da shi. Sa'ade ta yi makaranta, ta durƙusa a gefen tabarma tana karantawa tana sakawa, ni kuma ina gyara mata, don ba na iya ganin ana aiki ban sa baki ba. Jallabiya biyu masu faɗi, tunda ba zai iya ɗaura wando a kan ɗinki ba. Silifas, buta, ƙaramin bokiti. Sabulu da soso da tawul da asuwaki. Filas na ruwan zafi, kofi da cokali. Katin asibiti da takardun gwaji. Na ce ta ƙara tocila da gidan sauro, na ce tabarmar da ta ɗauko wa kanta ta yi ƙanƙanta, ta ɗauki tawa. Na yi mata faɗa a kan cajar waya da ta cusa leda ɗaya da sabulu. Har carbinsa da dardumarsa sai da na tuna mata. Kwana ɗaya za a yi, amma muka cika jakar nan har bakinta ya ƙi rufuwa, Hajiya Talatu tana dariya tana cewa sai ka ce mai tafiya Makka.

Sai Sa'ade ta juya bayan takardar ta ce:

"Inna, akwai wata tambaya a nan. Sun ce lallai a tambayi mahaifiyarsa. Wai ko akwai wanda jini ke daɗewa bai tsaya masa ba a dangi, ko shi kansa ya taɓa yin haka yana yaro. Baban Ummi ya ce shi bai san komai ba, in tambaye ki."

Gyaɗar da ke hannuna ta zube. Na ga Isa, na ga tsummokaran Yalwan Damai a kan igiya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai Hajiya Talatu ta riga ni:

"Ke Sa'ade, ashe boko bai bar ki da kunya ba? Uwa ake tambaya zancen ɗan fari? Kuma zancen ma na wannan wurin? Wannan da kike gani ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ba irin matan yanzu ba ce."

Ta juyo tana kallona, tana jiran in tabbatar da yabon da ta yi mini. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ni me na sani a kansa? Ba a hannuna ya tashi ba."

"To Inna, in rubuta babu?"

"Ki rubuta abin da kika ga dama."

Ta ba ni haƙuri, ta ɗora takardar a gwiwarta ta rubuta babu.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Akwai kunya, ban musa ba, don in zan faɗi maganar sai na ambaci kaciyarsa a gaban matarsa, a gaban baƙuwa. Amma yanzu da na kusa kabari ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Akwai tsoron Hajiya Talatu, wadda abin da ta ji da la'asar kafin magariba ya kai bakin kasuwa. Ku mata lokacin ba ku yi aure ba, na ji tsoron a ce gidanmu da mugun jini. Akwai kuma girman kai tsagwaronsa. Shekara talatin da wani abu ana nuna ni ana cewa ga mai kara, ban so in zubar da wannan a kan tabarmar gyaɗa ba. Na ce a raina ai asibiti ne, suna da allurai, ba wanzami ba ne. Na ce ai ya girma, jininsa ya yi kauri.

Hajiya Talatu ta tafi gida. Sa'ade tana kicin ita kaɗai, tsakanina da ita taku goma. Sau biyu ina tashi in nufe ta, in na isa sai in ce gishiri nake nema. Abin da na iya yi shi ne wannan, ku ji wautar uwarku. Na buɗe adakata na ɗauko tsofaffin zannuwa uku masu taushi, irin waɗanda ke shan jini. Na daka bagaruwa na tankaɗe, na ƙulle garin a ƙyalle. Na buɗe jakar na danna su can ƙasa, ƙarƙashin jallabiyoyin. A tunanina in Sa'ade ta gani za ta zo ta ce, Inna wannan fa na mene ne, ni kuma in sami ƙofar magana. Ko wata tsohuwar malamar asibiti ta ga bagaruwa ta gane. Haka na saba magana da shi duk rayuwarsa, ta hannun wani, ta cikin kwanon tuwo, ta abin da na ajiye a bakin ƙofa. Ban tsaya na yi tunanin likita ba ya karanta irin wannan wasiƙar ba, kuma Sa'ade ba ta sake buɗe jakar ba kafin su tafi, tunda ta san ta gama shirya ta.

Da sassafe ya zo sallama. Bai ci komai ba, haka aka ce masa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina kamar yadda ya saba.

"Inna, za mu tafi. A sa mu a addu'a."

"Allah ya ba da sa'a."

"Gobe war haka muna hanya in sha Allah. A dama mini kunun gyaɗa, na san da yunwa zan dawo."

Bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan jima a durƙushe, ina ganin inuwarsa a jikin labule, kamar mai jiran ko zan ƙara wani abu. Na ƙara kuwa. Na ce:

"Rana tana yi."

Ya tashi. Kai Kabiru kai ka ɗauki jakar, har kana cewa me aka zuba a ciki haka, duwatsu? Kai ka ja motar. Ban fito rakiya ba. Sai da ƙarar motar ta yi nisa na fito tsakar gida na tsaya, ban san abin da na fito yi ba.

Ranar nan ina da tuyar ƙuli, na ƙona kasko biyu. Waya tana ɗaure a bakin zanina, Ummi ta riga ta nuna mini inda zan danna in sami uwarta. Na kwance ta na ɗaure ban san sau nawa ba. Wajen azahar ka kira ka ce an fito da shi lafiya, har ya buɗe ido ya tambaya ko ka ɗauki fasinja a hanyar dawowa. Na yi sujada a nan bakin murhu. Na ce alhamdu lillahi da ban tona wa kaina asiri a banza ba. Ku ji fa, abin da na fara gode wa Allah a kai ke nan.

Washegari na dama kunun na rufe. Ban gama wanke ludayi ba ka sake kira ka ce:

"Inna, ki taho yanzu. Jini ya ƙi tsayawa tun jiya da yamma. Sun sake shiga da shi sun fito, har yanzu zuba yake."

Ban san yadda na isa tasha ba. Direbobi abokansa ba su jira mota ta cika ba, mutum huɗu daga cikinsu suka shiga tare da ni, wai za su ba da jini. Muka isa asibitin. Na same shi a gadon da ke bakin taga, ledar jini rataye a hannu ɗaya, ta ruwa a ɗaya. Cikinsa ya kumbura, fuskarsa ta koma irin ta yaron nan ɗan shekara bakwai. A ƙarƙashin gadon ga bokitin da muka sa a jaka, cike da zannuwana uku, ba a gane launinsu. Da safen nan Sa'ade ta zazzage jakar tana neman abin da za ta tare jinin da shi, ta same su. Ƙullin bagaruwar yana kan filas, an kwance shi an sake ɗaurewa. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Na san ta gane.

Likitan ya kira mu baranda, ni da kai da Sa'ade. Matashi ne, idonsa ya yi ja, da gani bai runtsa ba. Ya ce:

"Mama, ke ce mahaifiyarsa? Don Allah ki tuna. Mun duba sau biyu, babu jijiyar da muka bari a buɗe. Jinin ne ba ya daskarewa. Akwai mai irin wannan a danginku?"

A nan bakina ya buɗe, a baranda, gaban maza, gaban masu jinya da ke shanya kayansu. Na faɗi Isa, na faɗi kawuna, na faɗi kaciyar da kwana ukun, ban rage komai ba. Ƙasa ba ta tsage ba, ba wanda ya ko juyo ya kalle ni. Maganar da ta gagare ni shekara talatin ba ta ci minti biyu ba. Likitan ya dafe kai ya ce:

"Inna lillahi. Da mun san haka ba za mu taɓa shi a nan ba. Kano za mu tura shi, inda ake da maganin da ake ba irinsu kafin a sa wuƙa."

Sai ya juya ga Sa'ade:

"Malama, ba mun rubuta miki ki tambayi mahaifiyarsa ba? Ga takardar nan, hannunki ne ya rubuta babu."

Kai Kabiru ka juya kana kallonta. Ni ma ita nake kallo. Magana ɗaya za ta yi ta wanke kanta, kuma gaskiya ce. Ta dubi ƙasa ta ce:

"Mantawa na yi, likita. Ban tambaye ta ba."

Na ji da kunnena. Ina tsaye kusa da ita har kafaɗunmu na gogar juna. Na yi shiru karo na biyu, kuma wannan karon babu Hajiya Talatu da zan laɓe a bayanta.

Aka fara shirin kai shi Kano, ana neman mota ana ƙara masa jinin abokansa. Na shiga na zauna a bakin gadon na kama hannunsa. Rabon da in taɓa jikinsa tun yaye. Hannun ya yi sanyi, tafin duk kanta saboda sitiyari. Ya buɗe ido ya ga ni ce, sai ya yi ƙoƙarin janye hannun, don bai saba ba, nauyina yake ji. Na riƙe gam. Ya ce:

"Inna, kin sha hanya."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Kafin la'asar ya cika, motar da za ta kai shi Kano tana tsaye a bakin ƙofa.

Sauran kun sani, amma ta gefe ɗaya kuka sani. Ka tuna abin da ka faɗa mata a zaman makoki, Kabiru, gaban mata, cewa ta iya tuna cajar waya amma ta manta ran mijinta. Kun tuna yadda ta yi takabarta a ɗakin can, wata huɗu da kwana goma, ba mai shiga wurinta sai Ummi da kwanon abinci. Ran sadakar uku Hajiya Talatu ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ƙaddara ce, ta riga ta faru. Ki yi shiru, in yi shiru." Ta kuwa cika alkawarinta har ta koma ga Allah, karo ɗaya ke nan da na san ta riƙe magana. Da Sa'ade ta fita takaba kuka ce 'ya'yan Yaya ba za su tashi a hannun mai sakaci ba. Kuka zo kuka tambaye ni, na ce yadda kuka gani. Ta koma gidan iyayenta a Unguwar Ya da ƙaramin da ke goye a bayanta kaɗai, shi ma da aka yaye shi ka je ka karɓo. Ranar da za ta tafi ta zo ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ajiye zannuwan nan uku a gabana, a wanke a ninke. Ta ɗan dakata. Na ɗauki zannuwan na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ni na riƙe yaran, kuma a nan abin ya fi muni, don na ji daɗin riƙonsu. Duk son da ban nuna wa ubansu ba na juye shi a kan Ummi. Jika ba a jin kunyarta. A gadona take kwana, a kwanona take ci. Ta kira ni tsohuwa mai rowar ƙuli, in kira ta mai ƙaton kai, ta ɓoye mini goro in bi ta da muciya har zaure. Ko da na dawo daga Makka kowa yana Hajiya, Hajiya, ita cewa ta yi tsohuwa dai tsohuwa ce. Gidan da aka yi mutuwa ya koma ana dariya a cikinsa, ni kuwa da 'yar matar da na bari aka kora nake dariyar.

Bana aka sa ranar auren Ummi. Muna zaune ana maganar waɗanda za a gaya wa, na ce a aika Unguwar Ya. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce:

"A aika mata ta zo ta yi me? Matar da aka ba takarda a kan ran Babana ta ce mantawa ta yi? Ke ce uwata, ke za ki zauna."

Kwana uku abinci bai shiga cikina ba. A rana ta huɗu na hau mota na tafi Unguwar Ya ban gaya wa kowa ba. Na sami Sa'ade a kan keken ɗinki, furfura ta fito mata, ita da ba ta fi arba'in da kaɗan ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Ni da nake uwar mijinta na durƙusa a gabanta, ta yi ta cewa Inna tashi, Inna don Allah tashi, na ƙi. Na tambaye ta abin da ya sa ta ce ta manta. Ta ce:

"Inna, ɗanki yana mutuwa a ɗaki. In ce ke ce, a gaban Kabiru? Da wane ido za su ƙara kallonki? Na ɗauka in an kwana biyu, zuciya ta yi sanyi, ke da kanki za ki gaya musu."

"Ban gaya musu ba."

"Ba ki gaya musu ba. Ranar da na kawo miki zannuwan ma na ɗauka za ki yi magana."

Na roƙe ta gafara. Ta daɗe tana murza zaren da ke hannunta, sannan ta ce:

"Nawa na yafe, don ni ma ina so Allah ya yafe mini. Amma yaran nan sun girma suna ƙin uwarsu. Wannan haƙƙinsu ne, ba ni zan yafe miki shi ba. Su za ki tambaya."

Na dawo na kira Ummi ɗaki da hantsi, na tura ƙofa, na gaya mata duk abin da na rubuta muku a nan, da bakina, ban sassauta wa kaina ba. Na gaya mata kuma, in Allah ya ba ta ɗa namiji, kafin wanzami ko likita ya taɓa shi ta faɗi maganar jinin nan da ƙarfi, ko a gaban wa. Ku ma mata da ku nake, ku da 'ya'yanku. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, na ma fi so ta zage ni. Ta saurara har na gama. Tambaya ɗaya ta yi:

"Ranar da Baffa Kabiru ya je ya karɓo autanmu daga hannunta, kina ina?"

"Ina nan ɗakin."

Ta ce to. Washegari ta tafi Unguwar Ya ta yi mako guda.

Kabiru, kai ma da taka tafiyar, ka san hanya, ba sai na koya maka abin da za ka ce ba. Sa'ade za ta zo bikin, ita za ta zauna a matsayin uwa, a ɗakina za ta sauka. Wanda bai so ba ya zauna a gidansa.

Ummi ta dawo. Ba ta daina yi mini komai ba. Tana kawo mini ruwan alwala, tana share ɗakin, tana wanke mini kaya. Amma ta kwashe shimfiɗarta ta koma tsohon ɓangaren uwarta. Da safe takan zo ta gaishe ni kanta a ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa surukai, ta jira in amsa ta tashi. Jiya na kasa daurewa, na ce ke mai ƙaton kai, ba za ki zauna ki ci ƙuli ba? Ta ce:

"Na gode, Hajiya. Na ƙoshi."

Saura kwana tara a kai ta gidan mijinta.